Fasaha a Gida: Tsohuwar kwamfutar yara na mutuwa tana tashi da kanta? Duba waɗannan kafin ki kai ta gyara

  

Yau kan kwamfutar tafi-da-gidanka za mu tattauna, wadda yara ke kira laftof. A gidaje da yawa guda ɗaya ce tal, kuma ba sabuwa aka saya ba. Galibi ta hannu ce, irin HP EliteBook ko Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad da ake shigowa da su daga Turai da Amurka bayan ma'aikatu sun gama cin moriyarsu, a sayar a wurare irin su Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. A kanta babban yaya ke rubuta kundin kammala jami'a. A kanta ƙanwarsa ke gwajin tambayoyin JAMB, tunda tun 2015 da kwamfuta ake rubuta wannan jarrabawa. A kanta kuma ke uwa kike lissafin 'yar sana'arki, kike ajiye hotunan suna da na biki.

To sai wata rana ta tsiro da sabon hali. Ana tsaka da aiki ta ɗauke ɗif, ko ta mutu ta sake tashi da kanta alhali ba wanda ya taɓa ta. Abin da ke biyo baya kin san shi: yara su hau musu kan wanda ya lalata ta, sannan a sungume ta zuwa kasuwa. Can kuma ɗayan biyu ake yawan ji, ko dai "sai an yi fomatin", ko kuma "bod ne ya tafi". Fomatin na share duk abin da ke ciki. Canjin bod, wato babban allon injin da komai ke manne a jikinsa, kuɗinsa kan tasam ma na wata kwamfutar. Sau da yawa kuwa ƙura ce ta toshe ta, ko caja ce ta gaji.

Ruwa ba ya tsami banza. Lokacin da kwamfuta ke mutuwa da yadda take mutuwa su ke nuna inda ciwon yake, kuma ke da kike gida tare da ita kin fi mai gyara damar lura da wannan. Shi minti goma zai gan ta, ke kuwa kullum tana gabanki. Bari mu bi abin daki-daki.

Kafin komai, kwashe kayan ciki

Kwamfuta ana gyara ta, ana kuma sayen wata. Kundin da yaro ya yi wata shida yana rubutawa in ya ɓace, ba kasuwar da ake sayar da shi. Don haka a karo na gaba da ta tashi, kada a tsaya kallon fim ko binciken matsala. A sa filash a kwafe abubuwa masu muhimmanci. A fara da rubuce-rubuce, don su ne ƙanana kuma su ne ba a iya mayar da su, sannan hotuna, bidiyo ya zo a ƙarshe. A riƙa kwafa kaɗan-kaɗan, saboda in ta mutu ana tsaka da kwafar babban kaya, abin da ya shiga filash ɗin na iya lalacewa.

Idan babu filash a kusa, wayar da ke hannunki ta isa. Ki jona ta da kebul a tura mata, ko yaron ya aika wa kansa ta imel. Duk mai Gmail yana da wurin ajiya kyauta na GB 15 a Google, wanda ya ishi rubutun ɗalibi har ya gama karatu.

Sannan a gyara wani ɗan saiti a Microsoft Word. Ita manhajar takan ajiye kwafin gaggawa ne duk bayan minti 10. A shiga File, sai Options, sai Save, a mayar da 10 ɗin nan zuwa 2. A kuma koya wa yara danna Ctrl tare da S duk bayan 'yan layuka, har ya zame musu jiki.

Kwana biyu na sa ido

Bayan an tsirar da kaya, ki samu takarda ki ajiye kusa da kwamfutar. Duk wanda ta mutu a hannunsa ya rubuta amsar waɗannan:

1. Minti nawa ta yi a kunne kafin ta mutu?
2. Me ake yi a lokacin? Rubutu, ko fim, ko gem, ko darasi ta Zoom?
3. Tana jone da caja ko da batir take aiki? Wutar NEPA ce ko ta janareto?
4. Ƙasanta da gefenta sun yi zafi? Fanka na ƙugi ko shiru kike ji?
5. Ɗif ta ɗauke, ko sai da ta nuna shuɗin allo mai rubutu?
6. An motsa ta ko an ɗaga ta a daidai lokacin?

A tabbatar kuma mutuwa ta yi. Wani lokaci barci kawai ta shiga don an daɗe ba a taɓa ta ba, da an danna madanni sai ta farka da aikin da aka bari. Haka nan Windows kan sake tashi da kansa bayan ya sauke sabuntawa, kuma yakan rubuta hakan a allo tare da lissafin kashi nawa ya rage. Waɗannan biyun lafiya ce, a bar ta ta gama.

Amsoshin da ke kan takardar nan za su kai ki ɗayan wurare huɗu: zafi, wuta, Windows, ko wani sashe na cikin inji.

Na farko: zafi

Wannan shi ne babban abin zargi a ƙasarmu. Alamarsa ita ce kwamfuta ta tashi lafiya da safe, ta yi minti ashirin ko talatin, fanka ta fara ƙugi, sai ta ɗauke ba sallama. In aka sake kunna ta nan take, ba ta kai rabin lokacin farko ba za ta sake mutuwa. In aka bar ta ta huce awa ɗaya, sai ta daɗe. Fim da gem da kiran bidiyo kuma sun fi saurin kashe ta a kan rubutu.

Dalili shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ake kira furosesa, tana fitar da zafi mai yawa. An ƙera ta ne yadda in zafinta ya kusa digiri 100 za ta rage gudu, in hakan bai isa ba ta kashe kanta don kada ta ƙone. Mutuwar nan kenan kare kanta take yi. Akwai siririn bututun jan ƙarfe da ke janye zafin daga jikinta zuwa wasu ƙananan ƙarafa masu kama da haƙoran mataji a bakin tagar iska, fanka kuma ta hura shi waje. Ƙurar hunturu da zaren bargo da gashi kan taru a bayan haƙoran nan har su zama kamar audugar katifa. Fanka na juyawa, iska ba ta fita.

Ga kuma yanayinmu. Yawancin kamfanonin da ke ƙera laftof sun rubuta cewa a yi aiki da ita a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa, zafin bazara kan haura 40 a watan Afrilu. Sabuwa ma tana shan wuya, balle wadda ta shekara takwas.

Abin yi a gida:

A daina ɗora ta kan katifa, filo, bargo ko kafet. Ta ƙasa yawancinsu ke shaƙar iska, abu mai laushi kuwa toshe ramukan yake yi. In dole sai a gado za a yi aiki, a sa faranti mai faɗi ko katako a ƙarƙashinta. A tebur ma, a ɗan tokare bayanta da murafun roba biyu don iska ta ratsa.

Ki sa bayan hannunki a bakin tagar iska tana cikin aiki. In iska mai ɗumi na fitowa da ƙarfi, fanka na aikinta. In kina jin ƙugi amma iskar ba ta taka kara ta karya ba, hanya ce ta toshe. In kuwa babu ƙugi babu iska, ga jikinta ya yi zafi, mai yiwuwa fankar ce ta tsaya.

A kashe ta, a cire caja, a share ramukan da busasshen buroshin haƙori. In akwai abin hura iska mai sanyi, a hura a hankali, amma a soka tsinke a tokare fankar don kada iskar ta juya ta fiye da ƙima. Kada a hura da baki saboda danshi. Kada a yi amfani da na'urar busar da gashi mai zafi. Kada kuma a sa ta a firij, domin raɓar da za ta taru a ciki ta fi zafin illa.

In duk an yi wannan bai yi ba, sai mai gyara ya buɗe ya wanke ciki, ya kuma canja man da ke tsakanin furosesa da bututun nan. Wani farin ko tokan mai ne mai kauri, wanda kan bushe bayan shekaru ya daina miƙa zafi yadda ya kamata. Wannan aiki yana cikin mafi araha a gyaran laftof, kuma tsohuwar kwamfuta a ƙasa mai ƙura tana son sa aƙalla sau ɗaya a shekara, musamman bayan hunturu kafin zafi ya kankama.

Na biyu: caja da batir

Idan mutuwar ba ta da alaƙa da daɗewa a kunne, sai dai tana zuwa ne lokacin da aka ɗauke wuta, ko aka tayar da janareto, ko aka taɓa igiyar caja, to hankalinki ya koma kan wuta.

Tsohon batir yakan yi ƙarya. Zai nuna saura kashi 40, kafin ki ankara ya faɗi ƙasa warwas. Windows na da hanyar tona masa asiri. Danna madannin da ke da tambarin Windows tare da harafin R, ɗan akwati zai fito. Rubuta cmd ki danna Enter. A baƙin allon da ya buɗe, rubuta powercfg /batteryreport ki sake danna Enter. Zai gaya miki inda ya ajiye rahoton. A cikinsa ki nemi layi biyu: Design capacity, wato cajin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full charge capacity, wato wanda yake iya ɗauka yanzu. In na biyun bai kai rabin na farko ba, batirin ya gama yi.

In batirin irin na waje ne mai cirewa, ga gwaji mai sauƙi: a cire shi, a yi aiki da caja kaɗai. In ta daina mutuwa, batir ne. In a kan batir kaɗai take lafiya amma tana mutuwa da an jona caja, to caja ce ko ramin da ake soka ta. A ɗan girgiza kan cajar a hankali a ga ko fitilar caji na ƙiftawa.

Ita caja kuma, shigarta rami ba shi ke nuna ta dace ba. Juya kwamfutar ki karanta lambobin da ke ƙasanta ko ƙarƙashin batir, ki gwada da na jikin cajar. Yawancin HP da Dell 19.5V suke sha, Lenovo kuma 20V. Wannan lamba mai V dole ta zo daidai. Lamba mai W kuwa, kamar 45W ko 65W ko 90W, ta cajar ta kai wadda kwamfutar ke nema ko ta fi, kada ta gaza. Kwamfutar da ke son 65W in aka ba ta 45W, ga batir ya mutu, za ta iya ɗaukewa da zarar aiki ya yi nauyi. Jabun caja kuma, wadda za ki ji ta sakayau ba nauyi, takan rubuta lambar da ba ta iya bayarwa. Araha ba ta ado. Kafin a sayi wata, a ari caja ta asali irin tata wurin maƙwabta a gwada yini ɗaya.

In a kan ƙaramin janareto kaɗai take wannan hali, wutar ce ke hawa da sauka. A riƙa cire caja kafin a tayar da shi ko a kashe shi, haka ma lokacin da aka dawo da wutar NEPA, a ba ta 'yan mintuna ta daidaita kafin a jona.

Akwai kuma wata dabara da ba ta cin ko sisi. A cire caja da batir da duk abin da ke jone, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 zuwa 30, sannan a mayar a kunna. Wannan na zubar da ragowar wutar da ta maƙale a ciki, kuma yakan warware wasu ƙananan rikice-rikice.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci, musamman a gidan da ke da ƙananan yara. In kika ga wurin da ake goga yatsa ya tasa sama, ko madannai sun yi tudu, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batirin ciki ne ya kumbura. A daina caji nan take, a kashe ta, a ajiye ta a kan siminti nesa da katifa da labule. Kada a danna shi, kada a huda shi, domin irin wannan batir na kamawa da wuta. A kai a cire shi da wuri, kuma kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona.

Gwajin raba gardama

Kafin a yarda da maganar fomatin, akwai gwajin da zai nuna ko laifin Windows ne ko na inji. Kowace kwamfuta na da wani shafin saiti da ke buɗewa kafin Windows ya tashi, ana kiran sa BIOS. Da an danna maɓallin kunnawa sai a riƙa danna F10 in HP ce, F2 in Dell ce, F1 in ThinkPad ce. Shafin zai fito da rubutu. Kada a canja komai. A bar ta a haka na rabin awa.

In ta mutu a nan, Windows ba shi da hannu, don ko tashi bai yi ba. Fomatin sau goma ba zai magance ba, asarar kaya kawai za a yi. In ta zauna lafiya, zargi ya fi karkata ga Windows ko manhajojin da ke kansa, kodayake zafi ma na iya ɓuya a nan tunda ba wani aiki mai nauyi take yi ba.

Na uku: Windows da manhajoji

Alamar wannan ita ce shuɗin allo mai rubutu ya bayyana na ɗan lokaci sannan ta sake tashi. A sabbin Windows 11 allon ya koma baƙi, amma saƙon iri ɗaya ne. A ƙasan rubutun akwai sunan matsalar da manyan haruffa. Ki ɗauki hotonsa da waya, domin shi ne takardar asibitin kwamfutar.

In yana wucewa da sauri ba a iya karantawa, a tsayar da shi. Tambarin Windows tare da R, a rubuta sysdm.cpl, a shiga Advanced, a danna Settings da ke ƙarƙashin Startup and Recovery, a cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga nan in ta faɗi za ta tsaya a kan saƙon har ki gama ɗauka.

Windows na kuma rubuta tarihin abin da ke faruwa da shi. A akwatin nan dai a rubuta perfmon /rel. Jadawali zai fito mai kwanaki, da jan tambari a duk ranar da aka samu matsala. Ki duba ranar da jan ya fara, sannan ki tambayi yara: me aka sa mata a ranar? Sau da yawa za ki ji sabon gem ne, ko manhajar sata da aka kwafo, ko filash ɗin da aka kai shagon buga takardu ya kwaso bairos, ko an ɗora manhajar kashe bairos ta biyu a kan ta farko suna kokawa. Windows 10 da 11 sun zo da tasu a ciki, Windows Security, kuma ta ishi kwamfutar gida. A cire abin da aka sa, a gani.

Manhaja ɗaya tak na iya jawo wannan, ko a manyan wurare. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta sa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft, suka riƙa nuna shuɗin allo suna mutuwa suna tashi. An soke tashin jirage, ayyukan bankuna da asibitoci suka tsaya a ƙasashe da dama. Injinan lafiyarsu ƙalau, fayil ɗaya aka goge suka dawo aiki.

In kwamfutar ba ta ma bari a shiga, akwai ƙofar baya da ake kira Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kaɗai. A danne Shift sannan a zaɓi Restart, sai Troubleshoot, sai Advanced options, sai Startup Settings, sai Restart, sannan a danna 4. In ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, takan kai kanta wannan shafin gyara. In ta zauna lafiya a Safe Mode, wata manhaja ce ke kayar da ita, kuma daga nan za a iya cire ta, a kuma kwashe kaya. A shafin Advanced options ɗin akwai Uninstall Updates, don janye sabuntawar ƙarshe in bayanta ne matsalar ta fara.

Na huɗu: kayan ciki

Idan kwamfuta na mutuwa da an ɗaga ta ko an gusar da ita, ko sunan matsalar da ke shuɗin allo na canjawa kullum, a zargi RAM, wato 'yan siraran allunan da take riƙe aikin da ake kan yi. Wani lokaci sassautawa kawai suke yi a mazauninsu, ko ƙura ta shiga. Cirewa a goge a mayar aikin minti biyar ne wurin mai gyara. Don gwada su a gida, a rubuta mdsched a akwatin nan, a bar ta ta sake tashi ta yi bincike.

Sai rumbun ajiya, wanda ake kira had-disk. Tsohon samfurinsa faifai ne ke juyawa a ciki, kuma faɗuwa ko bugu na ji masa ciwo. In kina jin ƙas-ƙas daga ciki, ko buɗe fayil na ɗaukar lokaci mai tsawo, ko wasu fayiloli sun ƙi buɗuwa, yana gab da mutuwa. A nan kowace kunnawa caca ce, a kwashe kaya yau. Wata manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo na nuna lafiyarsa da launi: shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja ya lalace. Maye gurbinsa da sabon samfuri, SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, shi ne gyaran da ya fi farfaɗo da tsohuwar kwamfuta. Takan yi saurin da ba a taɓa ganin ta yi ba.

HP da Dell na da likitansu a ciki. A HP, a danna Esc lokacin kunnawa sannan F2. A Dell, F12 sannan a zaɓi Diagnostics. Zai gwada sassan injin ya ba da lamba in ya samu matsala. Ita ma a ɗauki hotonta.

In za a je wurin mai gyara

Masu gyara na gari suna da yawa, kuma aikinsu na sauƙi in aka zo musu da bayani. A tafi da takardar nan ta lura, da hotunan da aka ɗauka, da cajar da ake amfani da ita a gida. Wanda ya ce "tana mutuwa bayan minti ashirin in ana kallon bidiyo, kuma ta mutu a BIOS" ba a cika ce masa a yi fomatin ba.

Kafin ta bar gida, a fita daga WhatsApp da Facebook da imel da shafin banki da ke buɗe a kanta. Hotunanki da na 'yan matanki na cikin gida a kwashe su a goge. In ba ta tashi balle a goge, kuma gyaran na fanka ne ko caji, ki ce a cire had-disk ɗin a ba ɗan aikenki ya riƙe, ko a yi aikin a gabansa. Mutunci in ya zube ba ya kwasuwa.

A ɗauki hoton shafin da ke nuna girman RAM da na rumbun ajiya kafin a tafi, a duba bayan an dawo. A yi ciniki kafin a taɓa, a ce kada a yi fomatin ko a canja wani abu sai an kira ki, a kuma karɓo duk abin da aka cire. Sannan wasu kwamfutocin na kulle bayanansu da wani tsari mai suna BitLocker. In aka canja bod, za ta nemi mabuɗi mai lambobi 48, wanda galibi ke ajiye a asusun Microsoft na wanda ya saita ta. A nemo shi a rubuta kafin a fara aikin.

Yaushe za a haƙura?

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kwamfutar hannu tana da iyakar kwananta. Wanke ciki, caja, batir, fanka, RAM da SSD duk gyara ne da ya cancanci kuɗinsa. Amma in an tabbatar bod ne, kuma kuɗin ya haura rabin na wata irinta a kasuwa, shawarata a cire rumbun ajiyar a riƙe, a sayar da sauran, a cika a sayi wata.

A lissafin nan a sa shekarunta. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu, 2020, ta kuma daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum daga 14 ga Oktoba, 2025, in ban da shirin ƙarin wa'adi da ta buɗe wa masu amfani na gida zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Wannan ba ya kashe kwamfuta, sai dai yana barin ta ba mai gadi a intanet. Windows 11 kuwa yana son furosesar Intel ta zubi na 8 zuwa sama. Ga yadda ake ganewa: i5-6300U zubi na 6 ne, i5-8250U zubi na 8 ne, lambar farko bayan ɗan layin ita ce shaida, sai dai daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake dubawa. In za a sayi wata ta hannu, a nemi mai 8 ko sama, a kuma kunna mata bidiyo na rabin awa a shagon kafin a biya, a ji zafinta, a cire caja a ga ko batir na riƙewa.

Wadda ke hannu kuma, ko lafiyarta ƙalau, yau ɗin nan ki sa yara su kwafe abin da ke ciki zuwa filash da kuma imel, su sauko da ita daga kan katifa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma daren da za a miƙa kundi ba lokacin neman mai gyara ba ne.

Wadda tata ke wannan hali, ta rubuto mana a ƙasa: wane samfuri ce, minti nawa take yi kafin ta mutu, da abin da allon ya rubuta. Kada dai a sa lambar waya ko kalmar sirri a fili. Waɗanda suka taɓa shawo kan irin wannan matsala kuma su taimaka wa 'yan'uwa da abin da ya yi musu aiki.